Daga kasuwar Turaku zuwa tukunya: jagorar ɗaukar hoto a mayankar Yamai

Ba a ɓoye wa ɗan Nijar yanka. Yaron da ya tashi a Yamai ya ga an kayar da rago ranar suna, ya riƙe ƙafa ana fiɗa ranar layya, ya kwana da ƙaurin hayaƙi a riga daren da aka jera raguna a kan itace kewaye da wuta. Amma wannan yankan gida ne, na dabba ɗaya wadda aka san mai ita, aka ba ta dusa da hannu. Naman sauran kwanakin shekara, na miyar rana da tsiren dare da kilishin tsaraba, ta wata hanya yake biyowa, kuma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa bin ta da ƙafa.

Wannan jagora ta mai son bin wannan hanya ce da kyamara, babba ko ta wayar hannu. Yamai na ɗauka misali, amma na Tawa da Maraɗi da Damagaram, inda su ma ake da manyan mayanku, za su iya aunawa da garinsu. Ra'ayina a kai ba ɓoyayye ba ne: hoton mayanka da ya tsaya a kan mahauci da wuƙarsa rabin aiki ne, kuma rabin da ya fi sauƙi. Mahauci ɗan aike ne. Wanda ya aike shi yana gida yana jiran tuwo da miya, kuma dole aikinka ya kai ƙofar gidan nan.

Mataki na farko: ka san ma'aunin da za ka auna da shi

Yawancin hotunan mayanka da za ka tarar a intanet daga Turai da Amurka suke, kuma da yawa masu fafutukar a daina cin nama gaba ɗaya ne suka ɗauke su. A Faransa, ƙungiyar L214 ta fitar da bidiyon ɓoye na mayankar garin Ales a 2015, har aka rufe wurin na wani lokaci. Aikinsu ya yi tasiri, kuma akwai abin koyo a cikinsa. Sai dai an yi shi ne a ƙasar da ake turke dubban dabbobi a cikin gini, inda mai saye bai taɓa ganin dabbar da rai ba. Idan ka kwaso fushinsu ka sauke shi a kan Bafulatanin da ya kora shanu daga Azawak, ko mahaucin da ya gaji fawa kaka da kakanni, ba wanda zai gane kansa a hotonka. A nan gidaje da yawa ba sa ganin nama sai jefi-jefi, kuma makiyayin arewacin Tawa ba shi da wata gona sai garkensa.

Muna da namu ma'aunin, kuma ba sassauƙa ba ne. Hadisin Shaddad ɗan Aus da Muslim ya ruwaito, wanda duk ɗalibin da ya karanta Arba'una ya haddace, yana cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, idan za a yi yanka a kyautata yankan, mutum ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa. Malamai sun karhanta wasa wuƙa a gaban dabba, da yanka wata alhali 'yar'uwarta tana kallo, da jan ta da ƙafa zuwa wurin yanka, da fara fiɗa kafin rai ya gama fita. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik ma an kawo gargaɗin Sayyidina Umar cewa nama yana da sabo irin sabon giya. Ka ga ke nan tambayar yawan ci ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

A ɓangaren boko kuma, hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, wadda aka kafa a Paris a 1924, tana da babi guda a kundinta kan walwalar dabba lokacin yanka, kuma Nijar tana da babbar dokar kiwo ta 2004. Karanta su duka kafin ka ɗauki jaka. Za ka yi mamakin yadda littafin fiƙihu da littafin likitan dabbobi suke haɗuwa a wuri ɗaya: ruwan sha, hutu, kaifin wuƙa, rashin duka. Da wannan ma'aunin za ka iya zama da Sarkin Fawa ku yi magana ɗaya, domin ba ka zo masa da dokar wasu ba, ka zo da abin da shi ma ya yarda da shi.

Mataki na biyu: ƙofofi uku

Izinin farko na hukuma ne. Babbar mayankar Yamai, wadda aka gina a 1967 a bakin kogi wajen Gamkale, tana da hukumar gudanarwa da jami'an lafiyar dabbobi. Rubuta takarda da Faransanci, ka faɗi sunanka, abin da kake son ɗauka, tsawon lokacin, da inda hotunan za su fita. Ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi a aljihu kullum. Idan ƙaramar mayankar unguwa ce ko ta ƙauye, ofishin magajin gari da ofishin kiwo na yankin za ka nufa. Idan za ka haɗa da bidiyo don fim, ka tuntuɓi cibiyar fina-finai ta ƙasa game da izinin ɗauka. A halin tsaron da ake ciki kuma, kada bakin kyamararka ya juya wajen gada ko bariki ko shingen jami'an tsaro, kuma ka manta da maganar jirgi marar matuƙi.

Takarda tana shigar da kai harabar wuri ne kawai. Mai shigar da kai cikin mutane shi ne Sarkin Fawa. Ka je masa ba tare da kyamara ba, da ɗan goro, ka durƙusa ka gaishe shi: "Ranka ya daɗe, sannu da jama'a." Kada ka yi masa kwana-kwana. Ka ce: "Baba, ina so mutanen gari su ga wahalar da ake sha kafin nama ya iso musu. Abin da na gani mai kyau zan ɗauka, wanda ba shi da kyau ma zan ɗauka, amma kai za ka fara gani." Jimlar ƙarshen nan ita ce jarinka, kuma idan ka faɗe ta sai ka cika. Ka lura, na ce zai fara gani, ban ce shi zai zaɓa ba. Ka fayyace masa wannan tun ranar, kada a zo daga baya ana jin an ci amana.

Ƙofa ta uku ita ce kowane mutum da kansa. Amincewar sarki ba ta hau kan fuskar yaron da ke wanke hanji ba. Wani ba ya son hoto saboda fahimtarsa ta addini, wani kuma danginsa a ƙauye ba su san aikin da yake yi a birni ba. Har gobe akwai gidajen da ke ƙyamar ba mahauci aure, suna kuwa cin namansa. Hotonka yana iya ƙara wa wannan raini ƙarfi idan kullum jini da datti kake nunawa a jikin mutum, ba ka taɓa nuna shi ya yi wanka ya sa farar riga zai tafi Juma'a ba. Wanda ya ce a'a, ka sauke kyamara a gabansa ya gani. Yara ƙanana kuwa sai da yardar iyaye ko maigidansu, kuma ko an yarda, ka yi tunani sau biyu kafin ka fitar da fuska.

Kyamarar ɓoye fa? Ba na ba da shawararta. Ban da cin amana, dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka gyara a 2024 aka mayar da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da ake ganin zai dagula zaman lafiya, tana iya hawa kanka, ga kuma dokar kare bayanan mutane. Gaskiyar magana ma, ba ka buƙatar ɓoyo. Bayan mako biyu kana zuwa, mutane za su daina ganin ka, kowa ya koma yadda ya saba. Kada ka biya kuɗi don a bar ka ka ɗauka, kuma kada ka taɓa cewa a jinkirta yanka ko a sake kayar da dabba don haske bai yi maka ba. Shayi da sayen nama ba laifi.

Mataki na uku: ka fara daga kasuwa

Kwanakin farko na Turaku ne, kasuwar dabbobi ta wajen Lazare. In da hali ka ƙara gaba zuwa Balleyara ranar Lahadi, na Tawa kuma ya leƙa Abalak ko Badagishiri. A nan dabbar take da kama: jar saniyar Bororo mai dogon ƙaho, Azawak, balami fari tas, uda mai rabi baƙi rabi fari, jar akuyar Maraɗi. Koyi sunayen nan, domin bayanin hoto da ya ce "wata saniya" yana nuna mai hoton baƙo ne.

Zaɓi dabba ɗaya ko garke ɗaya ka bi. Ɗauki hannun dillali da na mai saye lokacin sallamawa, fuskar makiyayi sa'ad da aka kwance igiya daga hannunsa, shaidar da aka shafa da fenti a gadon baya. Sannan ka tsaya wurin lodi da saukewa, inda galibin wahalar dabba take. Mutane suna ɗauka minti ɗayan wuƙa shi ne azaba. Sau da yawa awannin da suka gabace shi sun fi shi tsanani: mota cike maƙil a zafin watan Afrilu, ba matakalar sauka sai dai a turo dabba ta diro, murɗe wutsiya, rago ɗaure a bayan babur kansa yana lilo. Ɗauki wanda yake yin haka, ka kuma nemi wanda yake tara ƙasa don dabbobinsa su sauka a hankali, ko mai kai musu ruwa. Dukansu suna nan, kuma idan ɗaya kawai ka nuna, ka yi ƙarya da hoton gaskiya.

Mataki na huɗu: jikinka da kayanka

A 2016 zazzaɓin kwarin Rift ya ɓarke a jihar Tawa, wajen Cintabaraden da Tasara, ya kashe dabbobi da mutane. Ɗaya daga cikin hanyoyin kamuwa da shi shi ne taɓa jini da kayan cikin dabbar da ta kamu. Akwai kuma tarin fuka na shanu. Don haka dogon takalmin roba mai kama ƙasa, tufafin da za ka cire a ƙofar gida ka jiƙa, filasta a kan duk wani rauni, da sabulu. Kada ka ci komai a wurin kafin ka wanke hannu, kuma ka tuna hannun da ya taɓa bango shi yake kai kyamara kusa da ido da baki. Mace mai ciki ta ɗage wannan aiki zuwa wani lokaci. Ka ci abinci kaɗan kafin ka fito, domin warin tumbi da asuba yana juya cikin da ba komai.

Kaya kaɗan sun isa. Kyamara ɗaya, gilashi ɗaya, wato idon kyamara, na milimita 35 ko 28 mai buɗewa sosai, batir biyu, ƙyallen goge gilashi a leda. Kada ka canza gilashi a ciki, ga feshin ruwa ga tururi, a lokacin hunturu kuma ga ƙura. Bar dogon gilashin zuƙo abu daga nesa a gida. Hoton da aka ɗauko daga nesa kamar leƙe yake fita, kuma mahauta suna gane bambancin.

Galibin yanka a manyan mayanku cikin dare ne zuwa asuba, don nama ya riski kasuwar safe, saboda haka rashin haske ne babban abokin gabarka. Buɗe ƙofar haske zuwa f/2 ko f/2.8, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 3200 ko 6400 ba tare da tsoro ba. Ɗan yashi-yashi a hoto ya fi hoto mai rawa. Don tsayar da motsin hannu kana buƙatar saurin ƙiftawar kyamara na 1/250 na daƙiƙa ko sama. Sai dai wutar Nijar mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, kuma dogayen fitilu da wasu ƙananan na zamani suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa saboda ita, sai ka ga zane-zane ko launi ya bambanta daga hoto zuwa hoto. Idan ka ga haka ka sauko 1/100, ka jira lokacin da motsi ya ɗan tsaya. Ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don ka iya gyara koren fitila daga baya. Ja yana saurin ƙonewa a kyamarar zamani, jini da nama su zama faci ɗaya ba zane, don haka ka rage hasken kaɗan. Mai waya ya danna ya kulle haske a kan fuska ko hannu, ya kashe duk wani abin gyaran fata.

Filasha kuwa haramun ce a gare ka a nan. Tana firgita dabba, tana kashe idon mutumin da ke riƙe da wuƙa.

Mataki na biyar: wurin yanka

Daren farko kada ka ɗauki komai. Tsaya ka koyi hanyar wurin: ta ina dabba take shigowa, ina ake kayar da ita, ina jini yake bi, ina masu ɗaukar cinya a kafaɗa suke wucewa da gudu. Nemi bango ka jingina bayanka. Kada ka tsaya bayan bijimi ko gefen ƙafafunsa na baya, ko da an yanka shi, kuma kada ka tsaya a gabansa lokacin da ake jawo shi, domin baƙon mutum a hanya yana sa dabba ta turje, turjiya kuma tana jawo mata duka. Idan tsayuwarka ta ƙara wa dabba bulala ɗaya, kai ma ka shiga cikin abin da ka zo nunawa.

Daga dare na biyu sai ka fara kallo da tambayoyi a ka. An ba dabbobin ruwa a turke? Sun huta bayan tafiya? Yaya ake kayarwa, da dabarar igiya ko da sarar agara? Ina ake wasa wuƙa? Minti nawa dabba take yi a ɗaure a ƙasa kafin mai yanka ya iso? Na baya suna ganin na gaba? Kowace tambaya tana da hotonta, kuma yawancinsu ba jini a ciki. Dutsen wasa wuƙa da ya lotsa a tsakiya saboda shekaru, leɓen mai yanka yana bisimilla, tafin hannun da aka ɗora a kan idon rago, kwanon ruwa a turke, cike ko a bushe. Irin waɗannan su ne mutum zai iya tsayawa ya kalla har tunani ya shige shi.

A mazhabar Malikiyya, yanka shi ne yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ɗage hannu ba kafin a gama. Raƙumi kuwa soke shi ake yi a gindin wuya, abin da na Tawa zai fi gani. Ka san wannan don kada ka rubuta shirme a ƙarƙashin hoto. Ka kuma san abin da likitocin dabbobi suka sani: tunkiya tana fita hayyacinta cikin daƙiƙu kaɗan bayan yanka mai kyau, amma saniya tana iya daɗewa fiye da haka, saboda akwai wasu jijiyoyi a cikin ƙashin wuyanta da ke ci gaba da kai jini ƙwaƙwalwa. Shure-shure kaɗai ba ya nuna dabba tana ji, jiki yana yin sa ko bayan hankali ya gushe. Alamun da ake dubawa su ne ƙifta ido, numfashi mai tsari, da yunƙurin ɗaga kai. Idan ka ga an sa wuƙar fiɗa alhali waɗannan suna nan, wannan aibi ne a wurin malami da likita baki ɗaya. Rubuta lokacin a littafinka. Idan ba ka tabbatar ba, kada ka zargi kowa da hoton shure-shure.

Shin a ɗauki lokacin da wuƙa take ratsa wuya? Ɗauka. Aikin da ya tsallake wannan ya yi wa mai kallo rufa-rufa. Amma a cikin hotuna talatin da za ka fitar, ɗaya ya isa, kuma wanda ya fi aiki galibi shi ne na daƙiƙa ɗaya kafin, ko na bayan an gama. Wasu suna mayar da irin waɗannan hotuna baƙi da fari don jini ya yi sauƙin kallo. Ni ban cika so ba, domin yana mayar da abin da ke faruwa kowane dare ya zama kamar tsohon tarihi. In ka zaɓi hakan, ka yi wa aikin duka, ba hotunan jini kaɗai ba.

Mataki na shida: abin da ke biyo bayan rai

A nan gwanintar sana'a take, kuma hakkin mahauta ne a nuna ta. Mai fiɗa da ke raba ƙirgi da nama ba tare da huda ɗaya ba ya san huda tana karya kuɗin fata. Bi fatar zuwa majemar Gamkale. Bi kai da ƙafa zuwa wurin babbaka, bi matan da ke sarin kayan ciki. Tsaya kusa da jami'in da ke tsaga huhu da hanta yana dubawa kafin ya buga hatimi, ka tambaye shi me yake nema da abin da ake yi da naman da aka hana. Hoton hatimin nan a kan cinya yana da amfani ga uwargida fiye da kowane, domin yawancin masu saye ba su san su neme shi ba, kuma naman da aka yanka a ɓoye a bayan gida ba ya ɗauke da shi.

Abu biyu kada su wuce ka. Na farko, lokacin da ake juye tumbi: dunƙulen baƙar leda da ke fitowa daga cikin dabbobin da suka yi kiwo a bola. Nijar ta yi dokar hana irin wannan leda a 2014, amma je ka duba da idonka. Wannan ledar ba mahauci ya yar da ita ba, mu ne. Na biyu, 'yan tayin da ake samu a cikin dabbobi mata. Makiyayi yakan sayar da mai ciki don matsin rani ko don bai sani ba, kuma kowace ɗaya asara biyu ce. Hoto ne mai nauyi, ka ɗauke shi daga ɗan nesa, ka nemi bayanin likita ka haɗa.

Sai ka bi naman ya fita: a bayan mota, a kan babur, zuwa teburin kasuwa, zuwa wurin mai tsire da mai shanya kilishi, har cikin gidan da suka yarda ka shiga. Hannun yarinya a cikin kwano, ƙashi a gefen faranti, ragowar da aka zubar bayan walima. Idan ka samu gidanku ne ma ya fi.

Mataki na bakwai: zaɓe da bayani

Kwafe katin a wuri biyu ranar da ka dawo, sannan ka bar hotunan su kwana biyu kafin ka fara zaɓe. Idon da bai huce ba, mafi muni yake zaɓa. Gyaran haske da launi halal ne, amma kada ka goge komai, kada ka ƙara komai, kada ka ƙara wa ja ƙarfi.

Kowane hoto ya samu bayaninsa: wuri, rana, abin da ake yi, da sunan mutum idan ya yarda. Rubuta abin da ka gani, ka bar hukunci. "An ɗaure bijimi yana jiran mai yanka, minti 20 a agogona" ya fi "dubi rashin imani" ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba mai iya kai ka ƙara a kansa. Kada ka haɗa hoton mayankar ƙauye da sunan mayankar birni. Sa muryar mahauta a ciki da kalmominsu. Idan mutum ya ce maka ya san dukan ba kyau, amma shanu arba'in ne a gabansa kuma dole nama ya fita kafin gari ya waye, wannan bayani ne da ya shafi mai saye kai tsaye, domin gaggawar da arahar da muke nema ce take sauka a bayan dabbar.

Akwai hujjar da take shiga kunnen ɗan kasuwa, ka sa ta a rubutunka. Dabbar da ta galabaita kafin yanka tana ƙone sukarin da ke cikin tsokarta, sai naman ya fito baƙi-baƙi, a bushe, kuma ya yi saurin lalacewa. Wurin da aka doka kuma yana tara jini, dole a yanke a yar. Tsofaffin mahauta sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi.

Wajen fitarwa, ka tuna Facebook yana lulluɓe hotuna masu jini da gargaɗi, wani lokaci ya cire su. WhatsApp kuma ya fi haɗari, domin hoto yana rabuwa da bayaninsa, gobe ka gan shi da labarin ƙarya cewa naman jaki ne ko mushe ake sayarwa a kasuwa kaza. Jita-jita irin wannan tana iya karya mahautan gari guda. Don haka hotuna masu tsanani kada su fita ɗai-ɗai. Ka haɗa su cikin jeri, ka rubuta wuri da rana a jikin hoton, ka sa gargaɗi a farko, kuma hoton bango ya zama wanda yaro zai iya gani.

Mataki na takwas: cika alkawari

Wanke hotunan a takarda ka koma. Kowa ka ba shi nasa, musamman wanda ya fito da kyau. Sannan ka zauna da Sarkin Fawa da jami'in lafiyar dabbobi, ka baje jerin duka, har da masu ɗaci. In da hali ka gayyato limamin da suke salla a bayansa. Za a yi musu, wani zai ce ka tozarta su. Saurara. Idan an nuna maka kuskure a bayani, gyara. Idan mutum ya janye yardarsa kan fuskarsa, cire ko ka nemi wani hoton da ba a gane shi. Idan kuwa abin da ake so ka cire gaskiya ce kawai mai zafi, ka ba da haƙuri ka bar ta, ka rubuta amsarsu a gefenta.

Gyare-gyaren da irin wannan zama yake iya haifarwa ƙanana ne kuma masu araha: tudun ƙasa wurin sauke dabbobi, rabin tanki na ruwa a turke, zana ko ɗan gini tsakanin masu jira da wurin yanka, mayar da dutsen wasa wuƙa bayan bango. Rubuta abin da aka ce za a yi da ranar da aka faɗa. Bayan wata shida ka dawo da gilashin da ka yi aiki da shi, ka tsaya daidai inda ka tsaya a karon farko, a daidai wannan lokaci na dare, ka sake ɗauka.